Me Daji Yake Yi In An Bar Shi? Lacca Kan Darajar Daji Da Fadama

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. Malam shugaban taro, iyayenmu da suka daure suka fito cikin wannan zafi, malamai abokan aiki, ɗalibai maza da mata, barkanmu da hantsi.

An ce in yi magana a kan daji, wato me zai sa al'umma ta ware wani yanki na ƙasarta ta bar shi haka nan, ba a nome shi ba, ba a yanka fuloti ba, ba a zuba masa kwalta ba. Tambaya ce da take ci mini rai, domin duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kano zuwa Jos ta dajin Falgore ya san sai wani fasinja ya leƙa ta taga ya ce kai jama'a dubi ƙasa tana zaman banza. Kuma mutumin kirki ne yake faɗa, tausayin talaka ne ya sa shi faɗa, yana ganin ga matasa ba gona ga fili a kwance. Ni dai abin da na zo in ce yau shi ne wannan ƙasar ba zaman banza take ba. Na kawo abu huɗu, zan bi su ɗaya bayan ɗaya in Allah ya yarda, na farko yadda Turawa suka yi gardamar, na biyu amfanin da ake iya ƙirgawa, na uku abin da addini ya ce, na huɗu kuma abin da ya kamata mu yi.

Na farko ba zan daɗe a kansa ba. A Amurka ne aka fara ware gandun daji na ƙasa irin na zamani, Yellowstone, a 1872. Bayan nan aka samu mutum biyu da suka ja daga. Ɗaya John Muir, shi a wurinsa dutse da kurmi da rafi suna da darajar kansu ko da ba wanda ya ci ko sisi da su, wurin natsuwa ne da tuna Mahalicci. Ɗayan Gifford Pinchot, wanda ya zama shugaban hukumar gandun daji ta ƙasar na farko a 1905, shi cewa yake a kula da daji domin a ci moriyarsa, a sari katako da tsari, a yi kiwo da tsari, kada ya ƙare. Rigimarsu ta kai ƙololuwa ne bayan girgizar ƙasa da gobarar San Faransisko ta 1906, birnin ya ce yana son ya datse wani kwari mai suna Hetch Hetchy da ke cikin gandun Yosemite don ya samu ruwan sha. Muir ya ce atafau ba za a yi ba, Pinchot ya ce a yi. A 1913 majalisa ta amince, Muir ya rasu a 1914, ruwa ya cinye kwarin, har gobe mutanen birnin daga nan suke sha. To amma ga abin da ɗalibai nake so ku riƙe. Wannan Yosemite da ake cewa daji ne da hannun ɗan Adam bai taɓa ba, akwai mutane a cikinsa tun kaka da kakanni, 'yan asalin ƙasar, a 1851 aka tura musu mayaƙa da bindiga aka kore su. Sai da aka fitar da masu wurin sannan aka ce wuri ne da babu kowa. Mu ma nan haka ne, je ka Yankari, an ware shi a 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, murabba'in kilomita 2,244, ga giwaye ga ruwan Wikki mai ɗumi, amma a cikinsa akwai tsofaffin rijiyoyin Dukkey da aka fafe a jikin dutse, akwai koguna da mutane suka sassaƙa suka zauna, akwai matoyar tama inda kakanni suka narka ƙarfe. Saboda haka in na ce daji, ba ina nufin wurin da mutum bai taɓa takawa ba. Ina nufin wurin da mutum yake shiga ya fita amma bai mayar da shi abu guda ba.

Yauwa. Na biyu, kuma a nan Malam shugaba sai ka yi mini haƙuri don nan ne zuciyata take. Fadamar Haɗeja da Nguru.

Wa ya taɓa zuwa? Ɗaga hannu in gani. Kai, 'yan kaɗan ne. To bari in zana muku ita da baki. Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Daga can ɓangaren tsaunukan Jos kuma kogin Jama'are yana gangarowa ta Bauchi. In suka iso gabashin Jigawa da yammacin Yobe sai su tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tsofaffin tuddan yashi, ruwa ya rasa hanya ɗaya da zai bi, sai ya bazu, ya rarrabu, ya shiga nan ya fita can, ya cika tafkuna, sannan abin da ya rage ya taru wajen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe ya nufi tafkin Chadi. Wanda ya zo da taswira da biro daga ofis in ya ga wannan sai ya ce asara, ruwa yana malala a daji rana tana shanye shi, a tare shi tun daga sama a yi aiki da shi. Haka kuwa aka yi tunani, aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka gama na Challawa a 1992, aka buɗe noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Kanawa kuna nan da yawa na gan ku, ku ne kuka tare mana ruwa tun daga sama kuka noma tumatir da shi, in an tashi kowa ya biya kuɗin ruwa a bakin ƙofa. [dariya] Allah ya bar zumunci. Ba cewa nake dam bai yi amfani ba, Kano tana shan ruwa, Kura tana ba ƙasar nan shinkafa, wannan ba mai musu. Tambayata ita ce ruwan nan da aka ce yana zaman banza, me yake yi kafin a tare shi?

Ku saurara da kyau. Ƙasa ɗaya ce, amma a shekara guda masu ita uku ne. Da farkon damina manomi ya watsa shinkafa, ambaliya ta zo ta same ta, shinkafa tana tashi ruwa yana tashi. Ruwan nan da ya bazu cikin ciyawa shi ne wurin da kifi yake shiga ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a inda babba ba ya iya bin su, to wannan lokacin masunci ne, da kwalekwalensa da gorarsa da komarsa da malinsa, tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, gaiwa, a banda a ɗura a kwali a kai har kudu. Mutanen Bade har bikin kamun kifi suke da shi a Gogaram. Ruwa ya fara ja, sai manomi ya dawo ya bi laimar da ya bari ya shuka wake, ba taki ba injin, ƙasar da ambaliya ta kwantar ita ce takin. An cire amfani, rani ya tsananta, ko'ina a arewa ya bushe ƙurmus, sai Bafulatani ya gangaro da shanunsa ya samu burugu ɗanye, shanu su ci su bar kashi, kashin nan in ruwa ya dawo shi zai ciyar da kifi da shinkafa. Kun ga masunci, manomi, makiyayi, ƙasa ɗaya, kowa da watansa. Kuma ban ma ƙirga matan da suke yankan kabar goruba su saƙa tabarma da faifai da igiya ba, ban ƙirga masu itace ba, ban ƙirga masu kanwa ba, ban ƙirga masu zuma ba, ban ƙirga mai magani da yake shiga ya saro saiwa da sassaƙe ba.

Sannan ga wanda ido ba ya gani, wanda ni ya fi burge ni duk a ciki. Ruwan da ya kwanta wata biyu wata uku a kan ƙasa, ba duka rana take shanyewa ba, yana tsatsafowa ƙasa a hankali ya cika ƙarƙashi. Fadama kamar rumbu ce, da damina take tarawa da rani a ɗiba. Rijiyar da mace take ja a ƙauyen da ke nesa da bakin kogi, wadda ba ta taɓa ganin kwalekwale a ƙofar gidanta ba, ambaliyar nan ce take cika mata ita. Mai injin ban ruwa da ya kafa 'yar rijiyarsa a fadama yana noman tattasai da albasa da alkama, ambaliyar bara yake zuƙowa. In ka hana ambaliya, shekarar farko ba za ka ga komai ba, ta biyu ma haka, sai a hankali guga ya fara neman ƙarin igiya.

Ɗan'uwa mai farar hula, taimaka ka buɗe tagar nan ta gefenka, iyayenmu suna jin zafi. Na gode, Allah ya yi albarka.

To a farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu akwai Edward Barbier, suka zauna suka yi abin da ya kamata a ce an yi tun kafin a zuba bulo na farko. Suka ƙirga abin da fadama take bayarwa, noma da kifi da itace kawai fa, ba su sa kiwo ba, ba su sa ruwan rijiya ba, suka gwada shi da ribar babban aikin noman rani na kogin Kano, suka auna kowanne da yawan ruwan da yake sha. Abin da ya fito, fadama ta fi, kuma ba ninki biyu ba, ba ninki goma ba, ya haura ninki ɗari. Ku sake ji, ruwan da aka ce yana malala a banza, in aka bi shi ɗigo-ɗigo ya fi wanda aka tare kawo arziki, ninkin ba ninki. Me ya sa ba a gani ba tun farko? Saboda buhun shinkafar da ya fito daga aikin gwamnati yana shiga littafi, akwai akawu da yake rubuta shi, amma kifin da masunci ya kama ya kai gida aka yi miya, da tabarmar da tsohuwa ta saƙa ta sayar a kasuwar ƙauye ta sayi gishiri, da nonon da saniya ta bayar don ta ci burugu, ba wanda yake rubuta su. Abin da ba a rubuta ba kuwa in an zo teburin shawara sai a ɗauka babu shi. Wallahi wannan abin yana damuna, mutanen nan ba su yi laifin komai ba, arzikinsu ne kawai bai bi ta ofis ba.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya a ƙarancin ruwa ba. Da can kogin Haɗeja da rani bushewa yake yi, kuma bushewar nan ita kanta aiki ce. Da aka yi dam sai ya zama ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ba ambaliya sosai ba bushewa sosai. Wa yake son irin wannan? Kachalla. Duk mutumin Haɗeja ko Guri ko Kirikasamma ko Nguru in ka ce masa kachalla sai ya girgiza kai. Ciyawa ce doguwa ta fi mutum tsayi, ta samu ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa, ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, sai ruwa ya bar tsohuwar hanyarsa ya karkata ta Marma ya nufi Nguru, can gonaki su nutse shekara da shekaru, nan kuma wasu garuruwan suna kallon busasshen kwari. Wani ruwa ya yi masa yawa wani bai samu ba, duk kogi ɗaya. Masunci ba ya iya jefa koma a cikinta, sauro ya samu gida, tsuntsun jan baki ya samu wurin kwana, da asuba ya tashi kamar hadari ya sauka a gonar shinkafa. Mutane suna yin gayya su shiga ruwa har wuya da lauje da adda suna yanka, gwamnati ta kawo injinan yankan ciyawa, a buɗe bana baɗi ta dawo, domin ba a taɓa asalin abin ba, asalin abin shi ne an hana kogi ya cika a lokacin cikarsa ya bushe a lokacin bushewarsa. Shi ya sa duk sanda aka tayar da maganar dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, mutanen Yobe da Borno suke tashi tsaye, ai Jama'are ne ya rage wanda yake kawo ambaliya yadda Allah ya tsara ta. Masana sun daɗe suna cewa a riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa da yawa a lokaci ɗaya cikin damina, ya yi kama da ambaliyar da, a rage na rani. Abu ne mai yiwuwa, ƙofar dam hannu ne yake buɗe ta.

Ban ma yi maganar tsuntsaye ba. In sanyi ya kama Turai, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa dubbai suke tasowa su ƙetare teku su ƙetare Sahara, wurin da za su fara samun ruwa da abinci mai yawa shi ne irin wannan fadama, Dagona, Baturiya, tafkin Nguru. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Ga namu na gida, ɗinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela. Gauraka fa? Yara a nan wa ya taɓa ganin gauraka a daji, ba a gidan sarki ko gidan zoo ba? Babu ko? Iyayenmu da ke gaba sun gan ta, sun ji kukanta da yamma. Yanzu da ƙyar ake samunta a Najeriya, an kama an sayar, wurin ƙwanta ya bushe.

Na ga takardar Malam shugaba, minti goma, to. Bari in ɗan gudu.

Abu na uku, kuma shi ne yake riƙe da duk abin da na faɗa. Lissafin kuɗin nan da na kawo yana da kyau amma ina jin tsoron a tsaya a kansa. In ka ce a bar fadama don ta fi dam riba, to ranar da aka gano zinari ko fetur a ƙarƙashinta lissafi ya juya, da wace hujja za ka kare ta? Gauraka nawa take kawowa a shekara? In ba ta kawo komai ba shi ke nan a bar ta ta ƙare? A nan ne nake cewa mu ba sai mun je aron hujja wurin Muir ba. Suratul An'am aya ta 38 ta ce babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummomi ne kamar ku. Al'ummomi fa. Suratul Isra'i aya ta 44 ta ce babu wani abu face yana tasbihi da gode masa, ku ne dai ba kwa fahimtar tasbihinsu. Kuma ya zo a Bukhari da Muslim, wani annabi daga cikin annabawa tururuwa ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu, Allah ya yi masa wahayi, don tururuwa ɗaya ta cije ka sai ka ƙone al'umma guda mai tasbihi? Malamai suna nan gaba, in na karkace su daidaita ni. To wanda ya cinna wa daji wuta da kaka don ya kama gafiya uku, ya ƙone gidan tururuwa nawa, sheƙar tsuntsu nawa, ƙananan itatuwa nawa? Kuma abin bai tsaya a wa'azi ba, an yi shi a aikace. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya haramta sare itacen Makka da korar namun dajinta, ya yi wa Madina irin wannan iyaka, ya killace Naƙi'u don dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ya killace Rabaza. Sayyidina Abubakar da zai tura runduna Sham cikin wasiyyarsa har da kada a sare itace mai 'ya'ya. A fagen yaƙi ke nan. Mu ma kakanninmu sun san wannan, kowane gari da huruminsa inda ba a noma, da burtalin shanu, da kurmin da ba a sa masa gatari, da tafkin da ba a shiga sai sarkin ruwa ya ba da izini.

Ungulu ma, ku duba mahauta. Da muna yara ba ka iya ƙirga su a kan rufin kwano, yau sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba, an sa musu guba an kai kawunansu kasuwar masu tsibbu, tun 2015 aka sa irin wadda muka saba gani cikin jerin waɗanda suke dab da ƙarewa a duniya. A Indiya da ungulayensu suka mutu saboda wani maganin shanu, mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Amma ko da ba wannan, ita ma al'umma ce. Can Nijar kuma raƙuman dawa na Kure sun ragu har saura 49 a 1996, aka tashi aka kare su tare da manoman wurin, suka haura 600. Suna yawo ne a cikin gonakin mutane fa, ba shinge. Wannan ya nuna ana iyawa. Sai na ƙarshe, abin da ya kamata mu... na'am? Alhaji yana da magana? A ba shi abin magana, a ba shi, babanmu ne.

[Wani dattijo daga cikin jama'a: Malam, na ji duk abin da ka faɗa kuma ban ƙi ba. Amma ni daga yankin Birnin Gwari na taso, yau shekaru ba na iya kwana a garinmu. Dajin nan da kake yabo shi ne ya zame mana bala'i, daga cikinsa suke fitowa, cikinsa suke kai 'ya'yanmu. Mu da za a sa katafila a baje shi gaba ɗaya a raba wa mutane gona, wallahi da mun yi murna. Me za ka ce mana?]

Baba, Allah ya mayar da ku gida lafiya, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya kuɓutar da waɗanda suke hannu. Ba ni da bakin da zan yi maka gardama a kan abin da ka gani da idonka, kuma duk wanda ya zo yana maganar tsuntsu da gauraka ga mutumin da aka ɗauke wa ɗa, in bai fara da wannan ba bai yi adalci ba. Ran mutum yana gaba. In sojoji suka ce a share daji a gefen titi don matafiyi ya hangi gabansa, a share. In suka ce a fasa hanya ta ratsa Kamuku ko Kuyambana ko Rugu don a iya kai ɗauki, a fasa.

Amma Baba ka fi ni sani, dajin nan yana nan tun kana yaro, ya ma fi haka duhu, kuna shiga ku yi farauta ku ɗebo zuma da ɗorawa da kaɗanya ku dawo lafiya. Me ya canza? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A da akwai malamin daji da kakinsa da kekensa, ya san iyakar gandu, ya san wanda ya shigo. Akwai sarkin dawa, akwai arɗo da ya san kowace ruga da mai ita, baƙo ba ya kwana biyu dagaci bai ji ba. Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya tun 1965 aka ware wuraren kiwo. Sai aka bar abin ya lalace, malamin daji ya yi ritaya ba a ɗauki wani ba, manya suka yanki gandu suka yi gonaki, aka nome burtali aka toshe mashaya, aka ture na ciki aka hana na waje, daji ya zama ba na kowa ba, sai mai bindiga ya ce nasa ne. Kuma ka duba Tilaberi a Nijar, fili ne fetal kana hango mutum daga nesa, amma masu bindiga suna can, a Kuren nan da na ambata aka kashe mutum takwas a watan Agustan 2020. Ba duhun itace ne ya kawo su ba. In aka baje Kamuku gobe, babur zai ci gaba da gudu a fili, kuma ina tabbatar maka ba kai za a ba gonar ba, masu gawayi da masu katako ne za su fara isa, irin waɗanda suka kwashe madobiya daga Taraba suka loda a kwantena zuwa Sin har sai da aka dakatar da cinikin a 2018. Rafukan da suke tasowa daga dajin su ƙafe, ku dawo gida ku tarar da wata masifar.

Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne wanda aka gani a Maraɗi. A farkon shekarun 1980 ƙasar ta zama tsirara, itace na hukuma ne, manomi in ya sari reshe a ci shi tara, saboda haka ba wanda yake son itace a gonarsa. Wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara da ransu, in an zaɓi tsiro biyu uku aka bar su aka gyara sai su zama bishiya. Dabarar ba ta da wuya, abin da ya sa ta kama shi ne da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, shi zai sara shi zai sayar. Yau a Nijar ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, gawo da kalgo da sabara da aduwa, ba gwamnati ce ta dasa ba. To haka nake so a yi da dajinku in an samu lafiya, a zauna da ku da Fulanin da ba su ɗauki makami ba, su ma an kashe su an kwashe musu shanu, a fitar da iyaka kowa ya gani, a ce wannan ɓangare na garin kaza ne su za su ci zumarsa da itacensa su kuma za su tsare shi, a ɗauki 'ya'yanku aikin gadin daji da albashi da kayan aiki, ba a kawo wani daga nesa wanda bai san hanya ba. Baba in an tashi don Allah ka ɗan tsaya, akwai malamai biyu a nan da suke aiki a kan gandun dajin Kaduna, ina so su ji daga bakinka inda tsofaffin iyakokin suke. Malam shugaba na ci maka lokaci, bismillah.